Ciyawar Sarjan Gajere

A Damargu ba a shuka ciyawa. Wannan ba doka ce da wani sarki ko kumandan ya kafa ba, hankali ne kawai. Ciyawa ko dai a kashe ta da hauya, ko a yanko ta a ba akuya, babu na uku. Saboda haka ranar da Sarjan Gajere ya dawo daga bakin tafki da jaki ɗauke da ciyawar kiri-kiri, saiwa da ƙasa, ya dasa ta a tsakar gidansa, ya kewaye ta da shingen ƙaya, mutanen Garin Jika ba su tsaya gardama da shi ba. Girgiza kai kawai suka yi, suka ce Faransa ta maido mana da jikin mutum ta riƙe sauran.

Gajere gajere ne da gaske, iyayensa ba su yi ƙarya ba. Amma muryarsa ta dogon mutum ce, don in ya kira akuya a gidansa har ta maƙwabta amsawa take. Tun yana saurayi aka ɗebe shi soja zuwa yaƙin Nasara, shi da amininsa Hamidu. Ya daɗe can, ya dawo da lambar girma, da tsohon kwat mai maɓallan ƙarfe, da ɗabi'ar cewa "bon" kafin kowace magana. Hamidu bai dawo ba.

Garin namu yana tsakanin Gangara da Tanut, kuma duk wanda ya san wajen ya san zurfin rijiyarmu. Jakin da ke jan igiya sai ya yi tafiya har ya manta abin da ya fito yi kafin guga ya leƙo. A irin wannan gari ne Sarjan yake ba ciyawa ruwa rani da damina. Gaskiya filin ba wani babba ba ne, bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Shi yana kiransa gazon da Faransanci, mu muna kiransa gonar Sarjan, gonar da ba ta taɓa cika ko tafin hannu da hatsi ba. Don kada ɗigo ya tafi a banza, a bakinta yake alwala, kuma duk baƙon da ya shigo gidan sai an miƙa masa buta an nuna masa wurin da ya fi ƙishi. Liman kansa ya taɓa cewa bai san gidan da ake matsa wa mutum ya sake alwala kamar gidan Sarjan ba.

Matarsa Lantana ita ta fi kowa sanin tsadar abin, don jakinta ne ke jan ruwan, kanta ne ke ɗaukar tulun.

"Malam," takan ce, "wurin nan da kuɓewa aka sa, da yanzu muna kyauta da ita. Ko yakuwa. Mi ciyawa ta taɓa sa ma cikin miya?"

"Bon," in ji Sarjan. "Ba don miya aka yi ta ba."

Wannan kam gaskiya ne, kuma duk dariyar da muke yi mun san don wa aka yi ta.

Inna, mahaifiyar Hamidu, tana zaune a ƙarshen gari. Hamidu ɗan farinta ne, saboda haka bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa. Abu ɗaya ne kunya ba ta hana ta ba. In ya dawo daga kiwo yana kuka, ƙafafunsa cike da ƙarangiya, sai ta ja shi bayan ɗaki ta cire masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta cewa uffan. Da Sarjan ya dawo ya durƙusa gabanta, ba ta tambaye shi yadda abin ya faru ba, ba ta tambayi ko an yi masa salla ba.

"Wurin da kuka sa wancan," ta ce, "akwai ƙarangiya?"

Sarjan ya ce babu. Ya ce wurin ciyawa ce kore shar, mai laushi, gajeriya, rani da damina ba ta bushewa. Inna ta dube shi irin duban da ake yi wa yaro mai ƙaryar kirki. Ta ce ta gode, amma ita ta girme shi, kuma tunda take ba ta taɓa ganin ƙasar da babu ƙarangiya ba, balle ciyawar da ba ta san rani ba. Wannan magana ce ta kai Sarjan bakin tafki. Gani ya kori ji.

Tun daga lokacin, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Inna takan dogara sandarta ta zo. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a kan ciyawar, ta shafa ta, ta ɗan jima, ta tashi ta tafi. Da idanunta suka mutu ma ba ta fasa ba, hannu ya karɓi aikin ido.

Shekarar da abin ya lalace, ƴan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ruwan farko ya sauka da kyau, dajin Damargu duka ya yi kore kyauta, ko kan juji ciyawa ta tsiro ba wanda ya roƙe ta. Wuri ɗaya tak ya ƙi, wurin da aka yi shekaru ana shayarwa da ruwan alwalar liman. Gonar Sarjan ta yi ja, ta yi kirci, sai ɗan kore nan da can. Matacciyar ciyawar shekara da shekaru ta taru a ƙasa, ta saƙe ta zama kamar tsohuwar tabarma. In an zuba ruwa sai ya zauna a kai yana kallon mutum, sannan ya gangare gefe. Kuma duk abin da iska ta kwaso sai ya maƙale a ciki.

Ran Juma'a Inna ta zo ta zauna, ta kai hannu. Sarjan yana tsaye ya ga hannun ya tsaya cak. Ta ɗago yatsa, ta lalubo abin da ya soke ta, ta murza shi a hankali. Ƙarangiya ce guda ɗaya. Ta ƙulle ta a bakin mayafinta, ta nemi takalminta ta tafi. Juma'ar da ta biyo ba ta zo ba, ta gaba ma haka. Jikarta Jummai ta ce tsohuwa ta kwanta, fura ma sai an yi da gaske take kurɓa.

Abin ya tsaya wa Sarjan a rai ƙwarai. Bai iya cin tuwo ba, ya daina yi wa akuyoyi tsawa. Tsoronsa ɗaya ne, kada tsohuwar nan ta tafi da ƙarangiyar nan ƙulle a mayafi.

Maganin kuwa ya san shi. Kafin ya baro Faransa ya je yi wa kabarin Hamidu sallama, ya tarar da wani tsohon Bature yana tura wani inji mai haƙoran ƙarfe a kan ciyawar, yana yagar ta, yana tara busasshiyar tsibi-tsibi. Wurin ya koma kamar kan mai ƙora. Sarjan ya cakumi wuyan tsohon, saura kaɗan a kira jandarma. Da ƙura ta lafa tsohon ya yi masa bayani cewa matacciyar ce ke shaƙe mai ran, in ba a tsefe ta an fitar ba, ruwa da iska ba sa kai wa ga saiwa. To ga ilmi, sai dai babu inji. Daga Tanut har Damagaram babu mai injin tsefe ciyawa, kuma da za ka tambaya da an kai ka likita.

Ya fara gwadawa da manjagara, haƙoranta suka lanƙwashe, tabarmar ko gezau. Sai ya sa kwat ɗinsa ya nufi maƙera.

Garba maƙeri mutum ne da ba ya cewa ba zai iya ba, shi ya sa rabin abin da ya ƙera a duniya ba a san amfaninsa ba. Ya saurari Sarjan har ƙarshe, ya ce, "Wato matsefi kake so."

"Bon. Ba matsehi ba. Mashin."

"Mashin mai tsehe kai."

"Mai tsehe gazon!"

"To ai shi na ce."

Suka ɓalle ƙyauren tsohon rumbu, Garba ya jera masa ƙusoshi masu tsawon yatsa, ya sa zobe biyu na ɗaura igiya, ya kafa sanda a baya wurin riƙewa. Da aka ga bai da nauyi sai Sarjan ya ɗauko turmin Lantana ya ɗaure a kai. Inji kuma sai da ƙarfin da zai ja shi, nan ma aka koma kan dukiyar Lantana, aka kamo jakinta.

Ranar gwaji ba a yi shela ba, amma duk wanda ke da ƙafa a Garin Jika ya zo. Har Maigari ya sa aka kawo masa buzunsa, ya zauna a inuwar aduwa, ya ce shi wucewa yake yi.

Matsala ta farko, filin ya yi wa injin kaɗan. Kafin haƙoran su shiga ciyawa ta wannan gefe, hancin jakin ya kai shingen wancan gefe. Matsala ta biyu, jakin nan shekaru yana jan ruwa saboda wannan ciyawa, yana hangen ta ta bayan ƙaya, ba a taɓa ce masa bismilla ba. Yau ga shi a tsakiyarta. Abin nema ya samu. Ya sunkuya ya fara da koren da ya rage, wanda dama shi ne ɗan abin da ake taƙama da shi.

"A sa mai takunkumi!" in ji Sarjan.

Aka sa. Jaki ya ga an kawo shi gaban akushi an ɗaure masa baki, sai ya kafe ƙafafu huɗu ya ce in an isa a motsa shi. Sarjan ya yi masa magana da Hausa, ya yi masa da Faransanci, ya naɗe igiyar linzami a hannu, ya hau kan ƙyauren ya tsaya kusa da turmi don ƙara nauyi. Ana cikin haka wani Buzu da ke wucewa ya ga taro, ya matso da raƙuminsa ya ga abin da ake rabawa. Raƙumin ya miƙo wuya ta saman dangar gidan, daidai kunnen jakin, ya yi irin kukan nan nasu mai kama da ana zuba ruwa a tulu.

Abin da ya biyo baya har yau ba a daidaita a kan yadda ya faru ba. An dai yarda cewa jaki ya bi ta cikin shingen ƙaya, ba ta ƙofa ba. An yarda turmi ya yi gabas shi kaɗai ya rusa murhun maƙwabta. An kuma yarda injin Garba yana aiki, don ya tsefe hanya tun daga ƙofar Sarjan har gaban masallaci, layi-layi gwanin sha'awa, ya kwashe shanyar kuka ta wata mata Halima, ya tafi da buzun Maigari. Sarjan yana tsaye a kan ƙyauren yana ihun "Halte!" har inda ƙusa ta kama saiwar bishiyar bedi. Inji ya tsaya, jaki ya tsaya, Sarjan ne kawai bai tsaya ba.

Mutum huɗu suka kawo shi gida a kan ƙyauren. Garba yana biye yana cewa ai laifin jaki ne, ƙusa ko ɗaya ba ta karye ba. Ciyawar kuwa tana nan yadda take, ban da koren da jaki ya ci.

Gadon bayan Sarjan ya riƙe, ko juyi sai an juya shi. Ana wata ga wata, a makon ne surukinsa zai kawo gayya.

Ila saurayi ne daga wani ƙauye wajen Belbeji, shi aka ba Balki, ƴar farin Sarjan, kuma ita ma ba ta ɓoye cewa zaɓin ya yi mata. Bisa al'ada, kafin biki sai ya kawo abokansa sun nome gonar uban yarinya, a ga ƙarfinsa, a ga kuma yawan mutanensa. Bai taɓa wuce zauren gidan ba, bai taɓa haɗa ido da Sarjan ba, balle su yi hira har zancen gazon ya taso. Suruki ba abokin hira ba ne. In ka hango shi a hanya ma sai ka sake hanya.

Suka zo samari majiya ƙarfi da makaɗinsu, kowa da hauyarsa irin tamu mai doguwar ƙota, wadda ake turawa a tsaye, bakinta na shiga ƙarƙashin ƙasa kaɗan yana yanke ciyawa. Tun da sassafe suka faɗa gonar hatsin Sarjan. Ganga na tashi, ana kirari, kafin rana ta take sun share ta tas. Aka ce su shigo gida su sha fura a inuwa.

A daidai lokacin Sarjan yana ɗaki kwance rub da ciki, daga shi sai ɗan wando. Dado wanzami ya jera masa ƙaho a baya tun daga kafaɗa har ƙugu, yana zuƙe mugun jinin faɗuwa.

Samari suka shigo da sallama. Lantana ta ji muryar suruki, ta ja mayafi ta rufe fuska ta faɗa madafa. Balki ta riga ta ɓuya a bayan rumbu. Tsakar gida ta zama ba kowa sai ƙwaryar fura da baƙi. Ila ya ɗaga ludayi ke nan idonsa ya sauka a kan wani abu, sai ya mayar da ludayin.

Ciyawa ce a tsakiyar gidan surukinsa. Ba ma kowace ciyawa ba, kiri-kiri, ta yi shekaru har ta saƙe. Ga shinge a karye, ga alamar an yi fama da ita an kasa. Tausayi ya kama shi. Dattijo ba ɗa namiji, ga ciwon baya, har ciyawa ta raina shi ta biyo shi gida.

"Jama'a," ya ce ƙasa-ƙasa, "mu sha hurar gidan nan mu bar wannan abin kunya? A ce mun zo mun gani?"

"Wallahi ba da mu ba," in ji abokan.

Makaɗi ya gyara ganga.

Daga inda Sarjan yake kwance, ta ƙasan asabari, ƙafafu kawai yake gani. Ya ga ƙafafu sun yi sahu a bakin gazon. Ya ga bakin hauya ya sauka.

"Dado! Hita ka hana su!"

"Sarjan, ƙaho ya kama. In na bar shi yanzu jini ya koma ciki, ba ruwana."

"To cire su!"

"A cire ƙaho bai cika ba? Ni ba a koya mani haka ba."

"Lantana! Lantana!"

Lantana tana ji sarai. Sai dai wace uwa ce za ta fito ta tsaya gaban mijin ƴarta ta fari tana ɗaga murya? Ba a taɓa yi ba. Ta ƙara jan mayafi. Ni dai ban ce tana tunanin kuɓewa ba, amma waɗanda suka san ta sun ce ba ta taɓa jin kunyar suruki da daɗi irin na ranar ba.

Sarjan ya tattara muryar da ya yi yaƙi da ita ya kwarara ihu. Ganga ta cinye kalmomin, amon kawai ya fita. Ila ya gane muryar. Nan take ya zube ƙasa ya fuskanci bangon ɗakin, kansa a sunkuye.

"Ranka shi daɗe, Baba! Allah ya ƙara sauƙi! Kada ka wahal da kanka da godiya, aikinmu ne!"

Ya miƙe ya ce wa abokai dattijo yana kallo, a nuna masa noman Belbeji. Wasu na turawa, wasu na kwashewa, wasu na watsa wa akuyoyi ta bayan danga. Matacciyar tabarmar nan da ta gagari manjagara ta gagari jaki, suka naɗe ta suka fitar. Har da tsintsiya suka bi wurin.

Ba a fita gaban suruki tsirara, wannan Sarjan ya sani ko a cikin wuta. Ya lalubi bargonsa na soja ya yafa a kan ƙahonin, ya rarrafo da hannu da gwiwa, Dado na biye yana roƙon a yi a hankali da kayan aikinsa. Abin da samari suka ga ya fito daga ɗaki wata halitta ce mai tozo da yawa da gashin baki. Da suka gane dattijon ne, ladabi ya ce kada su gan shi a haka. Suka kwashi hauyoyi suka yi waje a guje, makaɗi ya bar gangarsa.

Sarjan ya tsaya a kan gwiwoyinsa yana duban wurin. Jar ƙasa ce fes, an share ta kamar za a shanya hatsi. Ko tsinke ɗaya babu. Bai yi ihu ba, bai ce "bon" ba. Lantana ta leƙo tana shirin cewa ai ƙaddara ce, ta ga fuskarsa, ta fasa. Shekarunsu tare ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Mi zan ce ma Inna?" ya ce. Shi ke nan abin da ya faɗa.

Da yamma Maigari ya zo jaje. Ya dubi wurin ya ce, "Sarjan, kai soja ne, ba ka yi noman fadama ba. Da hauya tana kashe kiri-kiri, da ni ne mai arzikin Damargu." Sarjan ya ɗauka irin maganar da ake yi wa mai zaman makoki ce, ya ce ya gode. Ila kuwa da aka ba shi labarin Inna a masaukinsu, sai ya nemi ƙasa ta tsage. Garin gyaran gira ya tsone ido. Ya sallami abokansa, shi ya ƙi tafiya, ya kuma ƙi fitowa, ya aiko a ce wa Baba duk hukuncin da ya yanke daidai ne. Sarjan bai aika da amsa ba.

Washegari ba wanda ya ce wa Lantana komai, ta kama jakinta ta tafi rijiya. Ta dawo ta juye tulu a kan jar ƙasar nan. Ruwan bai tsaya kallon kowa ba, ya shige. Ta koma ta ƙaro. Irin kuɓewar da ta daɗe tana ɓoyo a cikin ɗan gora, ta kai bayan gida ta shuka.

A cikin makon aka yi ruwa mai yawa, irin wanda ke cika kwari. Bayan ƴan kwanaki Balki ta fito shara da safe, ta tsaya, ta ajiye tsintsiya ta kira uwarta. Ƙasar ta yi tsiri-tsiri da wasu koraye kamar bakin allura. Saiwar tana nan ƙasa da ranta, hauya ta bi ta samanta ne kawai ta yaye mata abin da ya shaƙe ta. Kafin Juma'a biyu wurin ya rufe, kore shar, mai laushi, irin wanda Sarjan bai taɓa samu ba tun ranar da ya dasa ta.

Garin Jika ya samu abin yi. Duk inda Ila ya bi sai a ce ga shugaban gayyar da ta taru a kan tabarma ɗaya ta ciyawa ta kasa kashe ta. Maigari ya ce in noman Belbeji ke nan, a riƙa gayyato su duk shekara su yi wa makiyaya hidima. Yaron bai san ko ya yi murna ko ya yi fushi ba, don an wanke shi a wurin suruki an kuma kashe shi a wurin manoma. Sarjan ya aika masa da goro da saƙo cewa, bon, aikin bai yi laifi ba, kuma daga bana duk farkon damina nasa ne. Garba ya zo ya ce in an lura injinsa ne ya fara sassauta ƙasar.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, Sarjan ya sa kwat ɗinsa ya ja jaki zuwa ƙarshen gari, yana tafe a karkace. Jummai ta ce tsohuwa ba za ta iya tashi ba. Inna daga ciki ta ce wa ya faɗa. Ta rame ƙwarai, da hannu ɗaya Jummai ta ɗora ta a kan jakin. Shi kuma jakin, wanda ya ja inji ya ratsa gari, ya tafi da ita a hankali kamar ya san abin da ya ɗauko.

A bakin shinge aka sauke ta. Ta tuɓe takalmi. Ba ta zauna ba yadda ta saba. Ta ba Jummai sandarta, ta taka ciyawar da tafin ƙafa, ta tsaya, ta ƙara taku. Ta bi ta tsawo har ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta juyo ta bi ta faɗi. Sannan ta durƙusa ta bi ta da tafin hannu, kusurwa zuwa kusurwa, ba ta bar ko taƙi ɗaya ba. Lantana tana bakin madafa, Ila yana can bayan danga inda ba za a gan shi ba.

"Ɗana," ta ce wa Sarjan, "an ce kwanan baya an yaye ta duka."

"An yaye ta, Inna. Haka ake yi. In matacciyar ta taru sai a hid da ita."

"Can ma ana yi?"

"Ana yi. Akwai wani tsoho, aikinsa ke nan. Da idona na gan shi."

Ta jinjina kai. Ta lalubi bakin mayafinta ta kwance ƙullin, ta miƙa wa Jummai ƙarangiyar ta ce a jefa a wuta. Sai ta kwanta a gefenta a kan ciyawar, ta ɗora kunci a kai, tana shafa ta a hankali. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma duk wanda ke gidan ya ji.

"Babu ko ɗaya, Hamidu," ta ce. "Na duba."